Abin da Na Goge a Waya

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da dama, har inda na ajiye tabarau sai an nuna mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da wayata ta tona mini asiri a gaban aji ba. Ni na miƙa ta da hannuna, ni na rubuta takardar yarda, na sa hannu, har ina yi wa mutane murmushi. Ba wanda ya tilasta mini. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don da wani ne ya yi mini, da na sami wanda zan riƙe a zuci.

Na shiga aikin ɗan sanda a Tawa a zamanin soja, ina saurayi, wandon kaki ya fi ƙarfin ƙuguna. Shekarun fari da yunwa ne, kuma a lokacin bincike ba shi da doguwar magana. In aka ce wani ɗan kasuwa ya ɓoye hatsin taimako, sai mu hau mota mu sauka a ƙofar gidansa, takalmanmu su yi mana sallama. Muna da wani dogon ƙarfe mai tsini da muke caccakar ƙasan ɗaki da shi. Mu hau rumbu, mu ɗaga gado, mu leƙa randa. Daga Takanamat har Tebaram, da wuya a sami unguwar da ban san warin rumbunta ba. Takardar izini kuwa, hular da ke kanmu ita ce takarda. Haka na koyi aiki, haka na tsufa a cikinsa ina ɗaukar kaina gwani.

Saura 'yan watanni in ajiye aiki, sai ga doka a kan laifukan da ake yi da kwamfuta da waya, aka ce duk jami'in da ke bincike sai ya zauna aji ya koye ta. Na kawo ciwon baya, na kawo shekaru, komisar ya ce ko gobe zan tafi sai na zauna yau. Aka tara mu a wani zaure mai fanka ɗaya, 'yan sanda da jandarmomi, mafi yawansu yaran da na girmi iyayensu. Tsofaffi mu biyu ne kawai a bencin baya, ni da Agali, jandarma mutumin Tebaram, abokina tun zamanin hawan rumbu, wanda Allah ya hore wa baki fiye da bukatarsa.

Sai malama ta shigo. Alƙaliya ce da aka turo daga Yamai, ta karanci wannan fanni har ƙasar waje. Kowa ya miƙe, ni ma na miƙe, amma idona yana kan takalmina, don 'yata ce. 'Yata ta fari.

Wanda ya tashi a Adar ba sai na yi masa bayani ba, amma saboda yaran yanzu bari in faɗa. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a yabonsa, ba a ma nuna an san yana wurin. An haife ta a shekarar da fari ya fi tsanani, da aka yaye ta yayana ya zo daga Kalfu ya ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Shi ya sa ta makaranta, da sunansa aka rubuta ta, shi take kira Baba. Ni Baban Tawa ne. Aikina in aika hatsi ta hannun direbobi, in tambayi lafiyar mutanen gida a dunƙule. Tun ranar da aka raɗa mata suna, bakina bai taɓa furta shi a gaban ɗan Adam ba (a riƙe mini wannan "a gaban ɗan Adam", za mu dawo kansa). In ta zo gaishe ni ta durƙusa daga nesa, ni kuma in amsa ina kallon akuya. Ko a nan ba zan rubuta sunan ba, kada mai karatu ya sa rai.

Tun da sunan yayana take ɗauke da shi, duk ajin ba wanda ya san tsakaninmu sai Agali. Muna zama ya matso da rawaninsa kusa da kunnena.

"Shef, ashe yau ɗiya za ta karantad da uba. In kay yi surutu ta sa ka durƙuso."

"Rihe bakinka," na ce masa.

Ita dai ba ta nuna komi ba. Ta ce mini Shef kamar yadda kowa ke cewa, ni kuma na ce mata Madam Juji, wato alƙaliya a bakin Faransa, muka zauna lafiya a kan haka. Gaskiya ta iya aiki. Ta ce waya gida ce, tana da zaure, tana da tsakar gida, tana da ƙuryar ɗaki, kuma ba a shigarta sai da izinin alƙali ko yardar mai ita, a rubuce da hannunsa. Ta ce izinin ma yana da iyaka, in saƙon zamba aka aike ka nema, ba ruwanka da hotunan iyalin mutum. Ta koya mana yadda ake karɓar waya a yanke mata hanyar sadarwa, a sa a ambulan a like, a yi kwafin abin da ke ciki, a yi aiki a kan kwafin. In ka tsallake ɗaya, a kotu za a watsar da hujjarka, ɓarawo ya tafi gida yana ɗaga maka hannu.

Ina zaune ina ji, abu biyu suna cina. Na farko alfahari, wanda ba ni da damar nunawa. Na biyu haushi, don duk abin da take cewa ba a yi, shi na yi shekaru ina yi ana ƙara mini girma a kansa. Sai kuma na gano wani abu mai daɗi. Uba ba ya hira da 'yar fari, amma ba wata al'ada da ta hana Shef yin gardama da Madam Juji. Daga nan na zama mai ɗaga hannu. Ko tari ta yi sai na sami tambaya a ciki. A kwanakin nan na yi magana da ita fiye da duk abin da muka yi tun tana goye, ko da yake duka musu ne.

"Madam Juji, wanga dogon zance duk na mi na? Zamaninmu in anka ce a bincika, bincikawa a kai. Wanda bai ɓoye komi ba, mi zai ji tsoro?"

"Shef, kowa na da abin da yab ɓoye, ko da ba laihi na ba," ta ce. "Dokag ga ba don ɓarayi kaɗai anka yi ta ba. Har da masu kunya."

"To ni dai ba ni da shi."

Yara suka yi dariya, wasu har da tafi, ni kuma na gyara zama ina jin kaina wani abu.

Ashe ina da shi, kuma dole in faɗa a nan. Tun da na sami waya mai ɗaukar murya (don ɗaukar bayanin masu laifi na koyi abin), na tsiro da wata ɗabi'a. Duk lokacin da labarinta ya iso ni, ta ci jarrabawa, an naɗa ta, ta haihu, sai in zaga bayan komisariya inda ake jibge baburan da aka kama, in zauna a gindin dogon yaro, in danna, in faɗa mata duk abin da ke raina. Da sunanta nake farawa. In na gama in saurara sau ɗaya, in goge. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, in ce na tabbata. A wurina abin da aka goge ya tafi ke nan, kamar ruwan da aka zuba a yashi. Don haka da na ce ba ni da abin ɓoyewa, har ga Allah ban ɗauka ƙarya nake yi ba.

Rannan darasi ya zo kan abin da aka goge. Madam Juji ta ce gogewa ba ta kashe komi, kamar ka janye wa rumbu tsani ne, hatsin yana nan a ciki, mai wani tsanin zai hau ya ɗiba. Mai hankali da ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi. Ni kuwa murmushi na yi, don na san wannan dabara. Mu muka ƙirƙiro ta. Ka zaunar da mutum, ka ajiye kundi mai kauri a gabansa (ciki tsofaffin jaridu ne), ka ce masa mun riga mun san komi, gara ka faɗa da bakinka. Na ɗauka irinta ce aka sa wa sabuwar riga don a tsorata yaran zamani. Da ta fito da wata waya daga jakarta ta ce da ita za a gwada, sai na ɗaga hannu.

"Waccan kun shirya ta tun Yamai. In gaskiya ta, a gwada da tawa."

Ta dube ni, karo na farko ido cikin ido, sannan ta kau da kai. Ta ce ba a so a yi gwaji da wayar mutum. Na ce na ji, na yarda. Ta ce wayar da ta kawo ta isa. Na juya na kalli yara na ɗaga gira, suka fara guna-guni irin na masu son kallo. Da ta ga ba zan sauka ba, ta miƙo mini takarda da bik, abin rubutu.

"To rubuta yarda da hannunka, Shef. Ka ce muryad da za ka ɗauka yanzu ita kaɗai za a nema."

Na karɓa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa na yarda a binciki duk abin da ke cikin wayata, da wanda yake nan da wanda babu. Na karanta wa aji da ƙarfi, aka yi dariya, na sa hannu har da lanƙwasa. Sannan na ɗauki muryata a gaban kowa ina cewa ni Shef ba ni ɓoye komi, na goge, na nuna musu babu, na miƙa.

Ta cire ɗan katin da ke cikin wayar, ta yi kwafinsa a kwamfutarta, wadda aka haɗa da na'urar haska rubutu a bango da wata ƙatuwar bafil, wato lasifika, irin ta masu kiɗan biki. Muka jira. Ni na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai layi ɗaya ya bayyana a bango, lamba kawai ba suna. Na ce a raina to, an yi sa'a ɗaya. Sai na biyu, sai na uku, sai abin ya fara gangarowa har ya cika bangon ya ci gaba da tafiya. Na sauke ƙafata.

Ta yi wa aji bayani cewa abin da aka tono yakan dawo ba suna ba kwanan wata, sai an buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin a gane wanne ne wanne. Sannan ta juyo gare ni, ta rage murya.

"Shef, har yanzu kana iya janye yarda. Doka ta ba ka."

Ga ƙofa nan a buɗe, an ma riƙe mini labule. Kalma ɗaya ce. Amma duk ajin sun juyo suna kallona, yaran da na cika wa kunne da labarin ƙarfe mai tsini. Agali kuma (Allah ya yafe masa, ni ban gama ba) ya ce da ƙarfi, "Shef ba shi janyewa." Sai na ji bakina yana cewa a buɗe.

Ta zaɓi na can ƙasa, tana zaton shi ne sabo. Ba ta yi nisa da gaskiya ba, don na ranar da aka buɗe aji ne. Da farko ƙarar iska ce, da kukan kurciya, da wani yana gyaran murya. Sannan muryata ta cika zauren, ta kira sunan. Sunan da ke rubuce a kan allo tun ranar farko, wanda kowa ya sani. Ta kira shi, ta sake kira a hankali, yadda ake kiran yaro mai barci.

"Yau nig gane ki gaban allo. Wallahi kin iya magana, awa kakarki. Yaran ga duk sun yi tsit. Ni ko ina ta kallon takalmi kada ido shi ba ni kunya. Ranad da Yaya yat tahi da ke Kalfu, kina da 'yar riga ja, kina miƙo hannu, nij juya baya nis shige ɗaki. Kada ki zaci ban gani ba, ɗiyata. Ta hudaƙ ƙyaure nika leƙe har motar tab ɓace."

Daga nan sai fyace hanci. Ban taɓa sanin haka hancina yake ba sai da na ji shi a bafil ɗin biki. Wata doguwar ƙara ce mai hawa biyu, irin ta babbar mota in ta iso kasuwa.

Madam Juji, wadda ta yi kwanaki tana sarrafa kwamfutar nan ko kallonta ba ta yi, sai ga hannunta yana lalube ya kasa samun inda ake tsayarwa. Ƙarshe igiyar bafil ɗin ta fizge daga bango. Wani ɗan jandarma a gaba ya cusa hularsa a baki. Agali ya ja rawani har ya rufe ido, kafaɗunsa suna rawa, kuma har yau ban tabbatar ko dariya yake yi ba. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne mai kyau, na ma'aikata.

Ta tsaya ta ba aji baya na ɗan lokaci, tana gyara igiyar da ba ta bukatar gyara. Da ta juyo muryarta ta kusa zama daidai.

"Ku rubuta. Abin da bai shafi bincike ba, ba a saurarensa, ba a maimaita shi, ana mayar wa mai shi. Jami'in da ya fitar da shi ya karya sirrin aiki." Ta dubi ɗan jandarman mai hula. "Kuma gabana za a kawo shi."

Kowa ya duƙa yana rubutu. Ni ma na duƙa na rubuta da himma, sai daga baya na lura ban cire wa bik murfi ba.

A gaskiya yaran sun riƙe amana, ba wanda ya taɓa maimaita mini kalma ɗaya. Sai dai washegari mai gadin ƙofa ya tambaye ni yaya mura. Mai shayi ma ya tambaya. Agali ya kawo mini sabon hankici a nannaɗe cikin takarda, ya ajiye a bencina. Sauran kwanakin aji ban sake ɗaga hannu ba ko don korar ƙuda. Na ci jarrabawa da ƙyar, amma tambayar da ta shafi janye yarda na amsa ta har takarda ta ƙare.

Abin da ya fi damuna ba dariyar yara ba ce. Shekara da shekaru ni da yarinyar nan muna da hanyar da muke bi, ta durƙusa, in kalli akuya, kowa ya san matsayinsa. Yanzu na rushe wannan a gaban mutane, kuma ban san ko za ta sake iya shigowa gidana ba, ko kunya za ta sa ta koma Yamai ta aiko da gaisuwa ta bakin wani.

Ranar Juma'a da la'asar ina zaune a tabarma sai ga sallamarta. Ta durƙusa a inda ta saba, na juya wajen akuya kamar yadda na saba. Muka gaisa, gajiya, zafi, mutanen Kalfu. Sannan ta ajiye wani ɗan ambulan a like a bakin tabarma.

"Baban Tawa, ga kwahin katin. Doka ta ce a maida ma mai shi, ko a lalata gabanai. Ban saurari sauran ba."

Na ce, "Hm."

"Suna da yawa."

Na ce, "Hm."

"Ba a saurare sai da yardam mai su."

Ba ta tashi ba. Akuya tana ta tuƙa. Na yi shekaru ina zaunar da mutane ina jiran su yi magana, don haka na san mai jira in na ji shi, ko ban kalle shi ba. Alƙaliya ce guda, mai sa a ɗaure mutum da sa hannu ɗaya, durƙushe a tsakar gidana tana neman izini, ni kuma bakin ya ƙi buɗuwa ta hanyar da ta dace. Sai na bi ta hanyar aiki, na tambayi akuya.

"Takardad da nir rubuta cikin aji, mi tac ce?"

"Ta ce duk abin da ke ciki. Da wanda ad nan da wanda babu."

"An yage ta?"

"A'a."

"Na janye ta?"

"Ba ka janye ba."

"To ni ban ji inda anka karanta muna cewa sai mutum ya rubuta sau biyu ba."

Na ji ƙarar takarda, ta ɗauki ambulan ɗin ta sa a jaka. Ta ɗan ƙara zama, sannan ta miƙe ta ce, "Sai an jima, Baba." Tawa ɗin ta bar shi a tabarma. Na ce wa akuya a gaida gida.

Yanzu na ajiye aiki. In yaran komisariya suka zo neman shawara, abu biyu nake faɗa musu. Ko gida ko waya, a yi sallama kafin a shiga, don ba ka san abin da mutum ya ajiye a ƙuryarsa ba. Kuma in mai ilimi ya rage murya ya ce maka kana iya janyewa, ka janye, kada ka saurari Agali.

Sunan dai har yanzu ban faɗe shi a gaban ɗan Adam ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Ɗaukar murya ma ban daina ba, gogewa kawai na daina tun da na ga ɓata lokaci ce. Duk zuwan da ta yi Tawa sai ta ce wayata ta yi nauyi, in kawo ta duba mini. In miƙa ina kallon akuya, ta shiga ɗaki da kwamfutarta ta jima, ta fito ido ya yi ja ta ce ta gyaru. Mu biyu duka gyaran waya muke ce wa abin.